Saƙo daga Faransa zuwa garajin Yaya a Tahoua

Yaya, barka da aiki. A gaishe mini da Inna da yaran garaji duka.

Ka ce in ba ka labarin sana'arku a nan. To, maigidan da nake haya wurinsa a Grenoble yana da wata mota Porsche ta tsere, kuma wata biyar cur ba ta taka titi. Da sanyi ya kawo kai a Nuwamba sai ya juye mata baƙin mai, ya cika tanki, ya ƙara wa tayoyi iska don kada zama wuri ɗaya ya lotsa su, ya haɗa batir da wata 'yar caja, ya lulluɓe ta. Dalili kuwa gishiri ne. Suna watsa shi a titi don ƙanƙara ta narke, shi kuma cin ƙarfen ƙasan mota yake yi. Motar da yake hawa kullum ma doka ta ce a nan yankin duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, sai da tayar sanyi ko sarƙar da ake ɗaura wa taya.

Da Afrilu ta kama ya kira ni in taya shi fentin ƙarfen nan da ke damƙe faifan birki. A ƙofar gida muka yi, Yaya, mutum mai wannan dukiya ya duƙa da hannunsa! Na tambaye shi, ya ce kuɗin hannu a garaji da awa ake lissafa shi, kuma sai ka nemi rana tukuna. Ka tuna Yuro ɗaya sefa 656 ce, sai ka auna.

Mun ɗaga motar mun tokare ta, muka cire taya. Gogewar ce ta ci rabin yini: buroshin ƙarfe, sai ruwan fesawa mai wanke maiƙo, har sai da farin tsumma ya fito tas. Ya rufe faifai da takalmin birki da robobi da salatif, don fenti ko ɗigo bai kamata ya taɓa su ba. Fentin ma nasa daban ne, mai jure zafi. Na gwangwanin da ake fesa wa ƙofa zai kumbura ya ɓare. Shafi uku marasa kauri ya yi, ja wur, muka bar ta ta kwana.

Kaya kam suna da su, ka aika ta intanet a kawo har gida. Amma ban ga wanda zai saurari inji ya faɗi ciwonsa kamar kai ba. A nan abu ya lalace, cirewa suke su sa sabo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne man birki. Duk shekara 2 suke canja shi, domin yana tsotsar laima, in ya yi zafi sai ya tafasa, ƙafa ta nutse ba birki. Na tuna motocin hanyar Abalak, kaya har sama, ga zafin Mayu, man da ke ciki ya koma baƙi kamar shayi, sai dai a ƙara a kai. Don Allah, Yaya, duk wadda ta shigo hannunka ka leƙa ka gaya wa direban.

Na saya maka man birki DOT 4 gwangwani huɗu da buroshi, suna cikin kwantenar da za ta biyo ta Lome. Ka turo mini lambar matatar iskar Hilux ɗin nan kafin su rufe lodi.