javac, Eclipse ko IntelliJ: wanne ya dace da kwamfutarka?

Masu koyon Java a Asawase da Aboabo, har da ɗaliban KNUST, kusan wuri ɗaya suke cijewa. Ka rubuta class biyu, Dalibi da Malami, cikin package mai suna makaranta, kowanne na kiran ɗan'uwansa. Ka shiga foldar makaranta, ka buga javac Dalibi.java (javac shi ne maharhaɗin Java, wato compiler), sai ya ce cannot find symbol. Ka gwada farawa da Malami, duk kanwar ja ce. Daga nan wani zai ce kwamfutar ce ta tsufa, a je Adum a canza.

Kada ka kashe ko sidi ɗaya tukuna. Java ba ta hana class biyu dogaro da juna ba. Matsalar wurin da kake tsaye ce: javac na ɗaukar foldar da kake ciki a matsayin tushe, sai ya nemi makaranta/Malami.java a ƙarƙashinta, alhali kai kana cikin makarantar tun tuni. Fito waje, ka miƙa masa fayilolin duka lokaci guda: javac -d bin makaranta/*.java, sannan java -cp bin makaranta.Main, inda Main shi ne class ɗin da shirin ke farawa daga gare shi. Dole sunan folda ya yi daidai da na package, har babban baƙi da ƙarami. Class ɗin da ba a sa masa package ba kuwa, babu hanyar yi masa import daga cikin wani package.

JDK kaɗai, wato kunshin Java da javac ke cikinsa, irin Temurin 17 ko 21, kyauta ne kuma yana tafiya a tsohuwar kwamfuta. Da shi ya kamata kowa ya fara, domin shi ne ke nuna maka asalin kuskuren ƙiri-ƙiri. Sai dai idan fayiloli sun yi yawa, buga umarni da hannu na gajiyarwa.

Eclipse, manhajar rubuta lambar Java, shi ma kyauta ne. Yana da nasa maharhaɗin, yana sake haɗa abin da ka canza kawai da zarar ka adana, kuma yana ja maka jan layi nan take idan package bai dace da folda ba. Mai RAM 4GB, nan ya fi dacewa ya tsaya, amma ya rufe Chrome.

IntelliJ IDEA na JetBrains ya fi su iya gyara: ka matsar da class zuwa wani package, shi zai bi ya daidaita kowane import. Amma yana cin RAM, ƙasa da 8GB wahala ce. Ɗalibi na iya samun cikakken lasisi kyauta da imel ɗin makaranta. Idan don shi za ka sayi kwamfutar hannu, fifita 8GB da SSD, ka kuma cire caja a gaban mai kanti ka ga ko batirin zai riƙe, saboda dumsor.

Maven kuma, kayan aikin da ke haɗa project tare da sauke abubuwan da yake buƙata, a yi hattara da shi. Karon farko yana sauke kaya masu yawa cikin foldar .m2, don haka a tanadi data. Abin da ya fi muhimmanci, ba ya yarda module biyu, wato sassan project, su dogara da juna, zai tsaya ya ce cyclic reference. Tsarin module da ya zo da Java 9 a 2017 ma haka yake. Maganin shi ne a ciro abin da suke tarayya a kai, galibi interface, a ajiye shi a module na uku.

Akwai kuskuren da duk waɗannan za su bari ya wuce. Idan constructor na Dalibi ya ƙirƙiri sabon Malami, na Malami kuma ya ƙirƙiri sabon Dalibi, komai zai haɗu lafiya lau, amma da ka kunna sai StackOverflowError. Ƙirƙiri ɗaya da farko, ka miƙa shi ga na biyun ta constructor, sannan ka ɗaura na biyun ga na farkon da setter.