GARGAƊI: An sayar mana da janaretan gas a matsayin sabo, ashe ya yi awa 19,000 yana aiki

Jama'a, duk mai shirin sayen babban janareta mai amfani da iskar gas don kamfani ko ma'aikata, ya tsaya ya karanta wannan. Raina a ɓace yake, a yi haƙuri idan zancen ya cakuɗe.

Mai ƙarfin wuta 500 kVA muka saya. 500 kVA aka rubuta a takardar ciniki, 500 kVA ne a jikin farantin ƙarfen da ke manne da shi. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin muka tura tun kafin a ɗora shi a mota. Kashi 70! Kuma ni na sa hannu, ni na tsaya gaban masu kamfanin na ce mai sayarwar nan na yarda da shi.

Masu cewa na yi garaje, ku saurara. Ɗakunan sanyi muke da su, cike da kayan mutane, in wuta ta ɗauke ta jima asarar ba ta misaltuwa. Na zauna da injiniyanmu muka lissafa lodin wurin, muka ƙara da wutar da kwamfureso (injin da ke sanyaya ɗakunan) ke zuƙa lokacin tashi, don injin gas ba ya son a jibga masa lodi gaba ɗaya kamar yadda na dizal ke jurewa. 500 kVA kilowat 400 ke nan, ya ishe mu har da rara. Na nemi rasit, na nemi takardar garanti, na nemi hoton lambar inji. Duk ya turo. To me kuma ake so mutum ya yi?

Abin da ke hana ni barci shi ne kiran bidiyon da muka yi da mai sayarwar. Ya kai wayar daidai kan allon sarrafawa, ya ɗora yatsa a kan mitar awoyi, ya ce: "Yallabai, duba da idonka, awa 14 kacal, ita ma ta gwajin masana'anta ce." Sai ya danna, injin ya tashi lafiya lau, ba hayaƙi, ba tari. Ya yi dariya ya ce: "Yallabai, ni ba na cin haram." Wallahi muryar nan har yanzu tana kunnena. Awa 14. Yatsan nan a kan awa 14. Ko kwan fitila ɗaya ba a jona masa ba a lokacin, kuma inji in ba lodi a kansa, ko ya kusa mutuwa zai yi ruri mai daɗin ji.

Af, na tsallake. Tun kafin kiran bidiyon na ce zan turo makanike ya gani. Ya ce maraba, amma akwai wani mai otal da zai biya gobe da safe, in ina so in kama da kashi 70. A nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa.

Daren da wuta ta ɗauke na farko, na'urar juya wuta ta yi aikinta, janareta ya tashi. Kwamfureso na biyu na shiga sai rurin ya sauya, fitilu suka dushe, ya mutu. Aka sake tayarwa, ya sake mutuwa. Na kira mai sayarwar, ya ce ƙarfin gas ɗinmu ne ya yi ƙasa, wai bututun ya yi siriri. Wannan matsala ce ta gaske, na san da ita, shi ya sa muka sa aka auna ƙarfin gas ɗin injin yana cikin jan lodi. Ƙarfin gas ɗin bai ragu ba. Sai ya koma cewa zafi ne. E, zafi da tsayin wuri suna rage wa inji ƙarfi, amma ba su cinye kusan rabinsa. Da muka ɗauko na'urar gwajin lodi, ko kilowat 250 bai riƙe ba. Kilowat 400 muka biya.

Makaniken da ya zo, dattijo ne, bai ko kalli allon ba. Ya jona kwamfutarsa da ƙwaƙwalwar injin, domin ita ma tana ajiye nata lissafin awoyin daban, ya juyo mini da fuskar kwamfutar bai ce uffan ba. Awa 19,000 da ɗoriya. Allon ne kawai sabo, an cire tsohon an ɗaura wannan. Ya kankare fenti da farce a gefen farantin, sai ga ramukan ƙusoshin tsohon farantin an cike su an shafe. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin kuwa ba ta yi daidai da wadda aka turo mini a hoto ba. Muka tura wa dillalin gaskiya na kamfanin da ya ƙera injin, suka ce wannan lambar ta ƙaramin inji ce, kuma garantin da ke hannuna ba daga gare su ya fito ba.

Ku yi lissafin da kanku. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta janaretoci, ISO 8528, janaretan ko-ta-kwana awa 200 a shekara aka tsara masa. Awa 19,000 aikin shekara 95 ke nan a wannan ma'auni. Wato an yi ta murza shi dare da rana a wani wuri har ya gaji, aka wanke, aka fesa fenti, aka kawo mini da awa 14.

Yanzu wayar mai sayarwar a kashe, shafinsa na Facebook ya sauya suna, hotunan dai su ne. Ina da hotunan duk hirarmu ta WhatsApp, da shaidar tura kashi 70 ɗin, da hoton farantin, da rahoton gwajin lodi. Lauya ya ce in dakata da sunansa tukuna, amma da zarar ya ba ni dama zan sake su duka a nan, ɗaya bayan ɗaya.

In za ku saya: a karanta awoyi daga ƙwaƙwalwar injin, a kwafi lamba daga jikin ƙarfe a tambayi dillalin gaskiya, a yi gwajin cikakken lodi a gabanku kafin sisi ya fita. Wanda kuma aka taɓa nuna wa janareta mai awa 14 a bidiyo, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina tattara waɗanda ya cuta.