Labarin Tarihin Sakkwato: A Mayar da Shi Fim ko Wasan Rediyo?

Marubucin da ke son ya fitar da labarin zuwan Turawa Sakkwato a 1903 daga takarda yana da hanyoyi biyu, kuma kowacce da irin nauyinta.

Fim yana cin kuɗi matuƙa, domin sai an tanadi dawaki, da lifidi, da sulke, da taron mahaya da za su cika fage kamar na Giginya, inda aka gwabza yaƙi da Turawa, sannan a nemi wurin da babu rufin kwano ko turakun lantarki, abin da ya yi wuya a birnin yau. Babbar matsalar ma ita ce fuska: da zarar ɗan wasa ya fito a matsayin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ke kan mulki a lokacin, jama'a za su auna kamanninsa da shigarsa da darajar da suke ba magabata, kuma ba kowa zai yarda ba.

Wasan kwaikwayo na rediyo, irin wanda tasha kamar Rediyon Rima ta Sakkwato za ta iya watsawa, ya kauce wa yawancin wannan, tunda ƙarar kofato da busar kakaki sun isa mai sauraro ya gina fagen a zuciyarsa. Sai dai a nan murya ce komai. Idan aka sa jaruman 1903 suna Kananci maimakon Sakkwatanci, kunnen Basakkwace zai kama kuskuren tun jimlar farko.

A ganina, mai ƙaramin jari ya fara da rediyo, ya ɗauko 'yan wasa daga cikin gari, ya jinkirta fim har sai ya sami masu zuba kuɗi.