Dachigam ko Kedarnath: Wane Gandu Ya Dace da Mai Neman Ganin Barewar Himalaya

Wanda ya yi niyyar zuwa tsaunukan Himalaya na Indiya domin ya ga barewar da ta kusa ƙarewa a duniya, ya kamata ya tsai da shawara kan abin da yake so tun kafin ya sayi tikitin jirgi, domin gandun daji biyu da aka fi ambata ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Gandun Dachigam yana da nisan kilomita 22 daga birnin Srinagar na Kashmir, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 141 ne. Ma'anar sunan ita ce "ƙauyuka goma", wato ƙauyukan da aka tasa lokacin da aka keɓe wurin. An fara kare shi a 1910 a zamanin sarautar Maharaja, wato sarkin Kashmir, aka mai da shi gandun ƙasa a 1981. Abin da ke kai mutane can shi ne hangul, babbar barewar Kashmir wadda ƙahonin namijinta ke yin rassa kamar bishiya. A farkon ƙarni na 20 ana kiyasta yawanta da dubbai, amma farauta da cunkoson dabbobin kiwo suka rage ta, har ƙidayar 2023 ta sami 289 kacal, mafi yawansu a wannan gandu da kewayensa.

Babban abin lura a Dachigam shi ne lokacin zuwa. Gandun ya kasu biyu, ɓangaren ƙasa da ɓangaren sama, hangul kuwa tana bin yanayi tsakaninsu. Da bazara takan haura makiyayar da ke can ƙololuwa, inda sai mai ƙarfin tafiyar kwanaki a ƙafa zai kai, amma idan dusar ƙanƙara ta sauka sai ta gangaro kwarin rafin Dagwan, inda baƙo zai iya hango ta ba tare da wahala mai yawa ba. A watannin Satumba da Oktoba mazan ke neman mata, sai a riƙa jin rurinsu a cikin kwarin. Saboda haka wanda ya je a Yuni, ya tsaya a ɓangaren ƙasa don ya ji daɗin sanyin iska, da wuya ya ga abin da ya kai shi. Shiga gandun sai da takardar izini daga hukumar kula da namun daji, kuma wajibi ne a binciki halin tsaro kafin tafiya, domin bayan harin da aka kai wa masu yawon buɗe ido kusa da garin Pahalgam a Afrilu 2025 hukumomi sun rufe wuraren yawon buɗe ido da dama a Kashmir na wani lokaci.

Gandun Kedarnath kuwa yana jihar Uttarakhand, an kafa shi a 1972, faɗinsa murabba'in kilomita 975, ya shafi gundumomin Chamoli da Rudraprayag. Dabbarsa ita ce barewar almiski, wadda girmanta bai fi na gada da yawa ba. Ba ta da ƙaho, sai dogayen haƙora biyu da ke leƙowa daga bakin namiji, kuma a cikin wata 'yar jaka a cikinsa ake samun almiskin da ya jawo mata mafarauta. Masana ma ba sa saka ta cikin ainihin dangin hangul. Matsalarta ga baƙo ita ce, ita kaɗai take yawo, tana ɓuya da rana, ba ta fitowa sai da asuba ko magariba. Mutum na iya yin mako guda da ɗan jagora ƙwararre ya dawo bai ga komai ba sai sawunta da kashinta.

Abin da Kedarnath ya fi Dachigam da shi shi ne tafiyar kanta. Daga ƙauyen Chopta ana hawa zuwa wurin ibadar Hindu na Tungnath, wanda ke bisa dutse a tsayin kusan mita 3,680, ta cikin kurmi, kuma akwai kyakkyawar damar ganin tsuntsun monal mai ƙyallin launuka. Sai dai a guji Yuli da Agusta, lokacin da ruwan damina ke zabtare hanyoyin dutse. Akwai kuma gandun Askot kusa da iyakar Nepal, wanda aka kafa a 1986 domin barewar almiski, amma nisansa ya sa bai dace da mai ƙarancin kwanaki ba.

A ganina, mai kwana biyu ko uku wanda ganin dabbar ne burinsa, ya zaɓi Dachigam tsakanin kaka da ƙarshen hunturu, ya kwana a Srinagar, ya shiga da sassafe da madubin hangen nesa da tufafi masu kauri. Mai mako guda, mai ƙarfin gwiwa da numfashi, wanda ba zai ji ya yi asara ba idan barewar ta ƙi fitowa, shi Kedarnath ya dace da shi, musamman a Afrilu zuwa Yuni ko kuma Oktoba.