Akuya mai cikin fari da wadda ta saba haihuwa: ina bambancin?

'Yar'uwa, kin ce akuyarki ta madara cikin fari ne da ita, hantsarta ta cika tun makonni amma shiru, alhali uwarta ba ta yin haka. Ba matsala ba ce.

Kwanakin ciki ɗaya ne ga dukkansu, wajen 150 daga ranar barbara, yakan faɗo tsakanin 145 da 155. Hantsa ce ke ruɗa mutane. Mai cikin fari takan fara tara hantsa wata guda ko fiye kafin haihuwa, tsohuwa kuwa wani lokaci sai saura kwana biyu, ko ma ranar. Abin dogara shi ne jijiyoyi biyu da ke gefen gindin wutsiya, masu kaurin fensir. Ki riƙa taɓa su safe da yamma. In suka saki har kika kasa jin su, wurin ya lotsa, haihuwa ba ta cika wuce kwana guda ba.

Farkon naƙuda, ta fari tana jan lokaci, har awa 12: kwanciya da tashi, tonon ƙasa, kuka, majina na sauka ta baya. Wadda ta saba takan gama wannan cikin 'yan awoyi, wata ma ki leƙa ki tarar ta haihu. A nan haƙuri ake so, kada a sa hannu. Amma da zarar faya ta fito ta shiga yunƙuri sosai, hukuncinsu ɗaya: minti 30 babu ci gaba, a duba. Kwanciyar ɗa ta daidai ita ce ƙafafunsa na gaba biyu su fara fitowa, kofato na kallon ƙasa, hanci a kansu.

Matsalar ce ta bambanta. Ta fari yawanci ɗa ɗaya take ɗauka, ya yi girma, ƙugu kuma bai gama buɗewa ba, musamman in bunsuru ya hau ta tana ƙarama. Kan ɗan ne ke maƙalewa. Ki wanke hannu da sabulu, ki sa safar roba, ki ja ƙafa ɗaya gaba kaɗan sannan ɗayar, ki ja ƙasa wajen ƙafafunta na baya, kuma sai lokacin da take yunƙuri. Tsohuwa, irin jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, tagwaye ne ko uku, matsalarta su sarƙe, ƙafar wannan da kan wancan. In hannu bai gane kwanciyar ba, a kira likitan dabbobi. Allurar naƙuda da wasu ke saya su yi da kansu haɗari ce: in ɗan ya gitta, mahaifa na iya yagewa. Mace mai juna biyu kuma ta nisanci ruwan haihuwa da mabiyiya, akwai cututtukan da ke sa ɓari.

Bayan haihuwa ne ta fari ta fi bukatarki. Tsohuwa lasa take farawa nan take. Ta fari takan tsaya tana kallon ɗan, ko ta tunkuye shi in ya nufi nono. Ki share masa hanci da baki, ki ajiye shi gaban kanta, ki tsoma cibiya a aidin. Ki tatsi kowane nono sau biyu don toshiyar bakinsa ta fita, sannan ki riƙe ta ya sha dakashi cikin awa ɗaya zuwa biyu. A ranar farko yana bukatar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato ɗan kilo 2 ya samu aƙalla mililita 200. Ki killace su su kaɗai kwana biyu ko uku, ta saba.

Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan awoyi. Kada a ja ta. In ta wuce awa 12, sai likita. Ki ba uwar ruwa mai ɗumi da harawa, dusa kuma kaɗan-kaɗan. Madarar haihuwar fari ba ta kai ta biyu da ta uku ba, don haka kada ki yanke mata hukunci da kwanon bana.