Shagon kayan sha na gida a Kofar Kaura

Jama'a jiya da la'asar na gwada wani shagon kayan sha a wajen Kofar Kaura, wallahi kunun ayarsu daban ne, aya da dabino da kwakwa aka markaɗa, ba suga ko kaɗan, ga kauri har yana kama jikin gora. Zobon ma da citta da kanumfari da ɓawon abarba, kana buɗewa ƙamshi zai dake ka. Kunun zaƙin dai ya ɗan fara tsami don ba wuta tun safe firij ya huce, nace Hajiya a riƙa sayo ƙanƙara mana, tace in sha Allah ɗana. Nidai gobe zan koma da kula in ɗebo wa yara kunun ayar nan.