Na'urar daidaita zafin firiza: ta gyara mini giya, daga baya ta daskarar da ita

Masu haɗa giya a gida sun dame ni da tambaya ko 'yar na'urar nan da ake jona wa firiza ta ci kuɗinta. To ga abin da idona ya gani. A Houston nake zaune, kuma duk wanda ya san Texas ya san garejin gida a watan Agusta yakan haura digiri 35. Yis ɗin ale kuwa, wato nau'in giyar da ake tsimawa ba a cikin sanyi sosai ba, tsakanin 18 da 20 yake so. Bayan haka, da zarar tsimuwa ta kankama, bokitin da giyar ke tsimuwa a ciki da kansa yakan ɗara zafin ɗaki da digiri biyu zuwa huɗu. Shi ya sa kafin in sayi na'urar, duk giyar da na haɗa da rani sai ta fito da warin maganin goge farce, ta bar mutum da ciwon kai washegari. Na gwada jiƙaƙƙen tawul da fanka, na gwada baho da ƙanƙara, duk wahala ce kawai.

Aikinta ba wuya. Soket biyu gare ta, ɗaya na sanyi ɗaya na ɗumi, sai doguwar waya mai auna zafi. Ka jona firiza a na sanyi, ka sa wa na'urar digiri 19, ita ce za ta riƙa ba firizar wuta tana yankewa. Na manna bakin wayar a jikin bokiti da salatif, na rufe shi da guntun soso don ya auna giyar, ba iskar cikin firiza ba. Na kuma sa mata jinkirin minti 10 tsakanin kashewa da kunnawa, domin kwamfiresa ba ya son a yi ta tayar da shi a jere.

Wallahi bokitin farko ya ba ni mamaki. Tsiron sha'ir ɗin da na saba ne, furen hops (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) ɗin da na saba, yis iri ɗaya, galan biyar kamar kullum, amma sai ka ce wani ne ya haɗa. Ɗanɗano tas, ba ɗacin nan mai ƙona maƙogwaro. Da ta gama na sauke ta zuwa digiri 2, yis ya kwanta a ƙasa, ta fito garau. Abokina da ke raina giyar gida sai da ya nemi ƙari. A lokacin da za a ce in ba ta maki, cikakke zan ba ta ba tare da na yi tunani sau biyu ba, har mutum biyu na sa suka saya.

Sai na ce bari in shiga lager, wato nau'in giyar da ake tsimawa a cikin sanyi, wadda ita ce dalilin sayen firizar tun asali. Ita tsakanin 10 da 12 take so, kuma tana ɗaukar makonni. A nan ne abin ya lalace. Firiza ba a ƙera ta don ta zauna a irin wannan sanyin ba, sai ta riƙa gumi, ruwa na taruwa a ƙasanta, ga danshin Houston da kowa ya sani. Wannan ban ɗora wa na'urar ba, ina gogewa. Amma a tallarsu masu na'urar sun rubuta ƙarara cewa bakin wayar ba ya shan ruwa. Ashe yana sha. Danshi ya shige shi, ya kafe a kan 14, ba gaba ba baya. Tunda a ganin na'urar giya ta yi zafi, sai ta sakar wa firiza wuta ba ƙaƙƙautawa, ita kuwa firiza in ka bar ta har 18 ƙasa da sifili takan kai. Ƙararrawar da suke taƙama da ita ba ta yi ko tari ba, saboda 14 bai fita daga iyakar da na sa mata ba. Da na ɗaga murfi sai na tarar da ƙanƙara ta kama gefen bokiti zagaye, allon na'urar kuma yana nan yana nuna mini 14.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ma'aunin sukari ya nuna giyar ta fara daga 1.050 ta tsaya cak a 1.030, wato a wajen rabin hanya ta tsaya. Na bar ta ta narke, na zuba sabon yis, ta dai ƙarasa da ƙyar, amma da ɗanɗanon man shanu da zaƙi-zaƙin da bai kamata ba. Yinin da na ɓata ina dafawa da kuɗin kayan haɗi duk sun tafi, yawancinta a magudana ta ƙare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai sayarwa. Na rubuta musu, suka ce in aiko bidiyo. Na aika, suka ce in tsoma wayar a ruwan ƙanƙara in sake ɗauka. Na yi, ta nuna 14 a cikin ruwan da ya kamata ya nuna sifili. Amsarsu ita ce za su yi mini rangwame in sayi sabuwa. Wayar kuma a manne take da jikin na'urar, ba a cire ta a sa wata, don haka saboda ɗan bakin ƙarfe guda sai ka jefar da abu gaba ɗaya.

Wani ya ce in rabu da firiza in koma yis ɗin kveik na Norway, wanda ke aiki lafiya ko a digiri 35. Gaskiya ne, na gwada, kuma yana da kyau ga ale, amma ba zai ba ni lager ɗin da nake nema ba. Dole na sake sayen wata na'urar daga wani wuri, mai wayar da ake cirewa, na shafe mahaɗin bakinta da silikon, na kuma ajiye ma'aunin zafi na daban a cikin firizar ina duba su biyun safe da yamma. Mutum biyun da na sa suka sayi ta farko kuwa na kira su na ce su yi hakan tun kafin su zuba lager.